Ladubban shiga aikin buɗaɗɗiyar manhaja, mataki-mataki

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu bisa sharuɗɗan lasisinta. Linux, Firefox, VLC, LibreOffice, WordPress da harshen Python duk irinta ne, wayar Android da ke hannunka ma a kan Linux aka ɗora ta. Mai sha'awar shiga yakan ɗauka iya rubuta kod, wato wannan rubutun da ake gina manhaja da shi, kaɗai ake nema a wurinsa. Iya kod na da amfani, amma ba shi ne ya yi ƙaranci a wajen ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokacin masu kula da aikin, sai kuma yardarsu. Manhajoji da dama da duniya ta dogara da su mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da su, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, kuma ba mai biyansu ko sisi. Kusan duk ƙa'idar da za ka gani a nan, in ka bi diddiginta, za ka tarar an kafa ta ne don kada a ɓarnatar da waɗannan abubuwa biyu.

Abin ya yi kama da gayya. Ba a biyan kowa, amma akwai mai gona, akwai kunyar da aka nuna wa kowa, kuma wanda ya zo ya hau sara inda ya ga dama ɓarna yake yi ko da fartanyarsa ta fi ta kowa kaifi.

Mataki na farko: karanta kafin ka buɗe baki

Duk rumbun manhaja da aka tsara yana da wasu fayiloli a shafinsa na farko, kuma ba don ado aka ajiye su ba. README zai gaya maka abin da manhajar ke yi da yadda ake girka ta. LICENSE shi ne lasisin. CONTRIBUTING.md na bayanin yadda masu aikin ke son a kawo musu gyara: salon rubutu, gwaje-gwajen da za a yi, da inda ake turawa. CODE_OF_CONDUCT.md shi ne kundin ɗa'a. SECURITY.md kuwa, in akwai shi, yana faɗin inda ake kai rahoton ɓarakar tsaro. A yawancin ayyuka karatun duka ba zai ci maka fiye da rabin sa'a ba.

Kada ka ɗauka yadda ka saba a wani wuri haka ake yi ko'ina. GitHub da GitLab shafukan intanet ne da ake ajiye rumbunan manhaja. A GitHub akwai maɓallin Pull request, a GitLab sunansa Merge request, aikinsu ɗaya: roƙon a haɗe gyaranka da asalin manhajar. Amma Linux, duk da akwai kwafinta a GitHub, ba ta karɓar gyara ta can. Ta imel ake aikawa, da rubutu tsura ba kwalliya, zuwa ga wanda ke kula da ɓangaren da ka taɓa. LibreOffice da MediaWiki, wato manhajar da Wikipedia ke kanta, da wani tsari mai suna Gerrit suke aiki. Wanda ya bi ta inda ba a bi sai ya yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba.

Bayan fayilolin, zauna ka karanta gyare-gyare goma ko ashirin na baya-bayan nan, waɗanda aka karɓa da waɗanda aka ƙi. Nan za ka ga abin da ba a rubuta ba: wa ke yanke hukunci, kwana nawa amsa ke ɗauka, wane kuskure ne ke sa a mayar wa mutum da aikinsa, da yadda mutanen ke yi wa juna magana. In ka ga an shekara biyu rabon da a karɓi gyara, ko ana yi wa sababbin zuwa ba'a ba mai tsawatarwa, nemi wani aikin. Suna da yawa.

Mataki na biyu: san abin da kundin ɗa'a ya ɗora maka

Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, na cikin waɗanda suka fara rubuta irin wannan kundi, tun farkon kafuwarta. Debian, ita ma nau'in tsarin Linux ce, ta amince da nata ta hanyar ƙuri'ar mambobi a 2014. A shekarar ce kuma Coraline Ada Ehmke ta fitar da Contributor Covenant, wanda shi za ka fi cin karo da shi yau, domin ayyuka masu tarin yawa kwafinsa suke ɗauka su sa adireshinsu kawai.

Linux ta daɗe ba ta da irinsa. A 2015 an saka wata gajeriyar takarda da ke gaya wa mai kawo gyara ya shirya wa shan suka. A Satumban 2018 sai Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux a 1991 kuma ya yi suna wajen yi wa mutane tatas a imel, ya fito ya amsa cewa yadda yake far wa mutane bai dace ba. Ya nemi afuwa, ya ɗauki hutun kusan wata guda, aka kuma ɗauki Contributor Covenant. A Yulin shekarar, Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin Python bayan doguwar cacar baki kan wani sabon salon rubutu da ya amince da shi. Ke nan ba sababbin zuwa kaɗai zafin baki ke kora ba, har waɗanda suka kafa aikin.

Abin da kundin ke so ba mai wuyar fahimta ba ne. Ka mutunta ra'ayin da ya saɓa wa naka, ka yi gyara cikin ladabi, ka karɓe shi cikin ladabi, in ka yi kuskure ka amsa ka ba wanda ka ɓata wa haƙuri, ka kuma fifita abin da zai amfani aikin a kan abin da zai amfane ka kai kaɗai. Abubuwan da ya hana su ne zagi da gugar zana, tsokana don a tayar da husuma, maganganu ko hotunan batsa, neman mace ko namiji a dandalin aiki, takura wa mutum a fili ko a ɓoye, da fallasa bayanan wani, kamar adireshin gidansa ko imel ɗinsa, ba da izininsa ba. Ka riƙe zancen neman nan da kyau. Baiwar Allah da ta amsa maka tambaya a kan kod ba ta ba ka izinin ka bi ta akwatin saƙonta kana tambayar ko tana da aure ba.

Akwai kuma maganar da gara a faɗe ta tun yanzu. Kundin ya lissafa abubuwan da ba a yarda a ci zarafin mutum saboda su ba: shekaru, nakasa, ƙabila, launin fata, ƙasa, addini, matakin ilimi, ƙarancin ƙwarewa, jinsi da yadda mutum ke bayyana jinsinsa, da irin wanda yake sha'awa. Za ka yi aiki da mutanen da rayuwarsu da aƙidarsu suka yi nisa da taka ƙwarai. Ba a nemi ka canja abin da ka yi imani da shi ba, ba a kuma ba ka filin wa'azi ko muhawarar siyasa ba. Layin da ya hana a yi maka izgili don sunanka Muhammadu, ko don ka ce za ka tashi daga taro ka yi salla, shi ne dai ya kare wancan daga bakinka. Ba a ɗaukar rabi a bar rabi.

Tun daga bugu na 2.0, kundin ya zo da matakan hukunci huɗu: jan kunne a asirce, gargaɗi tare da hana ka hulɗa da wanda ka ɓata wa na wani lokaci, dakatarwa ta ɗan lokaci, sai kora ta dindindin. Kuma ana zartarwa. A Nuwamban 2024 kwamitin ɗa'a na Linux ya hana karɓar gyare-gyaren mai kula da tsarin fayil na bcachefs tsawon zagayen fitar da bugu na 6.13, saboda kalaman cin mutunci da ya rubuta wa abokin aiki, alhali ba mai shakkar ƙwarewarsa.

Ba kowane aiki ne ke bin wannan kundi ba. Akwai masu sukarsa cewa yana ba kwamiti ƙarfin da za a iya amfani da shi ba daidai ba, kuma sukar ba ta banza ba ce. SQLite ma, wata manhajar adana bayanai, a 2018 ta ba mutane mamaki da kundin da ta ciro daga dokokin zaman sufayen Kirista na ƙarni na 6. Shi ya sa ba a cewa "ai na san abin da ke ciki". Kowane aiki sai ka karanta nasa.

Mataki na uku: iya tambaya da kai rahoton matsala

Kafin ka rubuta komai, bincika. A sashen Issues, inda ake kai rahoton matsaloli, rubuta kalmomin kuskuren da ka gani, ka duba har waɗanda aka rufe. In wani ya riga ka kai rahoton, kada ka buɗe sabo, kada kuma ka shiga ka rubuta "ni ma haka" ko "yaushe za a gyara?" Kowane irin wannan saƙo yana faɗawa akwatin imel na duk masu bin zancen. Danna alamar babban yatsa ya wadatar, sai fa in kana da sabon bayani.

In ba wanda ya riga ka, rubuta rahotonka. Dubi waɗannan biyu:

"Salam yallaɓai, barka da aiki. Manhajar nan ba ta aiki a kwamfutata, don Allah a taimaka da gaggawa."

"Ina amfani da bugu na 3.2 a kan Ubuntu 24.04. In na buɗe fayil ɗin da sunansa ke da harafin ƙ, kamar ƙidaya.csv, manhajar na rufewa nan take. In na canja sunan zuwa kidaya.csv tana buɗewa lafiya. Ga matakan da na bi, ga kuma saƙon kuskuren da ya fito. Na gwada a bugu na 3.1, can ba ta yin haka."

Na farkon ya fi nuna ladabi a ido, amma sai an yi masa tambayoyi biyar kafin a san inda aka dosa, kuma "gaggawa" ba kalmar da ake faɗa wa mai aikin sa-kai ba ce. Na biyun ya yi wa mai kula rabin aiki: ya faɗi bugu, ya faɗi na'ura, ya nuna yadda za a maimaita matsalar, har ya nuna tsakanin wane bugu da wane ta shigo. Saƙon kuskuren kuwa a kwafo shi a matsayin rubutu. Hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya, a karkace, da hasken taga a kai, ba mai iya bincike a cikinsa. Kafin ka liƙa, goge kalmar sirri da duk wani mabuɗin asusu da ya fito a ciki.

Mu mun taso a kan cewa ba a shiga magana sai an gaisa, an tambayi gajiya da iyali. Tarbiyya ce mai kyau, amma a nan gaisuwar kalma ɗaya ta isa, kuma ta zo cikin saƙo ɗaya da tambayar. Wanda ya yi sallama a zauren hira ya tsaya jiran a amsa kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi ya manta cewa mai amsawar ƙila yana Japan ko yammacin Amurka, barci yake yi. Kwana guda ya tafi a banza. Haka "yallaɓai" da "ranka ya daɗe", ba a buƙatarsu. Da suna ake kiran kowa, har shugaban aikin. Yawancin ayyuka da Turanci ake magana, amma kada rauninka a Turanci ya hana ka rubutu, don da yawan mutanen ba shi ne harshen uwarsu ba. Gajerun jimloli masu ɗauke da bayani su ake so.

Kada ka bi mai kula ta saƙon sirri a Facebook, X ko LinkedIn da tambayar fasaha. Amsar da aka ba ka a fili za ta amfani duk wanda ya zo bayanka, ta sirri kuwa sai mutumin ya sake rubuta wa wani gobe.

Mataki na huɗu: ɓarakar tsaro ba a shelanta ta

Wannan shi ne wuri ɗaya da aka juya ƙa'idar magana a fili. In ka gano hanyar da mugu zai bi ya kutsa ko ya saci bayanai, kada ka buɗe rahoto inda kowa zai gani. Bi abin da SECURITY.md ya ce, ko maɓallin rahoton sirri da GitHub ke da shi in masu aikin sun kunna. Ba su lokaci su toshe. Kwana 90 shi ne wa'adin da ya yaɗu, irin wanda tawagar Project Zero ta Google ke bayarwa. Kuma kada ka haɗa rahoton da neman kuɗi sai in aikin ya shelanta cewa yana ba da tukuici.

Mataki na biyar: nemi ra'ayi kafin ka ɗauko babban aiki

Fara da ƙarami. Ayyuka da yawa suna liƙa alamar good first issue a kan matsalolin da suka ware wa sababbi. In ka ga wadda za ka iya, duba ko wani ya riga ya ce yana kanta. In babu, rubuta layi biyu cewa za ka gwada da yadda kake tunanin yi. Ɗaya za ka kama, ba biyar ba. Mai zagayawa yana rubuta "a ba ni wannan" a ko'ina sannan a neme shi a rasa, ya tare wa wasu hanya ne kawai.

In kuwa sabon abu kake son ƙarawa, ko sauya tsarin wani ɓangare, buɗe tattaunawa tukuna. Za ka iya kwashe wata guda kana rubutu, ka kawo a ce ba alƙiblar da aka dosa ba ce. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Duk layin da aka karɓa, mai kula ne zai ci gaba da ɗawainiya da shi shekaru bayan kai ka yi gaba.

Kada ka turo gyara don kawai a ga sunanka. A Oktoban 2020, shirin Hacktoberfest na kamfanin DigitalOcean, wanda a lokacin yake ba da riga kyauta ga wanda ya turo gyara huɗu, ya rikiɗe ya zama bala'i: mutane suka yi ta ƙara kalma ɗaya ko biyu marasa amfani a fayilolin README, masu kula suka wuni suna rufe shara. Cikin 'yan kwanaki aka canja doka, aka ce sai aikin da ya nuna yana son shiga za a ƙirga. Gyaran kuskuren rubutu na gaske abin so ne. Canja waƙafi don a tara lamba, ana gane shi tun daga nesa.

Mataki na shida: shirya gyaran yadda zai yi sauƙin dubawa

Gyara ɗaya, manufa ɗaya. In ka shiga gyara matsalar harafin ƙ sai ka hango wasu layuka ba su yi maka kyau ba, bar su, ko ka turo su daban. Gyaran layi talatin ana duba shi a zama ɗaya, na layi dubu biyu yakan yi watanni yana jira. Bi salon rubutun da ka tarar ko da ba ka son sa. Gudanar da gwaje-gwajen aikin a kwamfutarka kafin ka tura, ka ƙara naka gwajin da ke nuna matsalar ta tafi. A Linux akwai checkpatch.pl mai duba salo, da get_maintainer.pl mai gaya maka wanda za ka aika wa.

Bayanin da kake rubutawa a git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, yana da tsarinsa: layin farko gajere, kusan haruffa 50, sai layi ba komai, sai bayanin dalili. Abin da ka canja ana gani a kod ɗin. Dalilin canjawar ne ba mai sani sai kai.

Sai zancen amana. Wasu ayyuka za su nemi ka sa layin Signed-off-by, wanda umarnin git commit -s ke ƙarawa. Linux ce ta fito da shi a 2004, kuma ma'anarsa ka shaida cewa kai ka rubuta ko kana da haƙƙin bayarwa a ƙarƙashin lasisin aikin. Wasu, irin su Python da gidauniyar Apache, takardar yarjejeniya suke sa a sa wa hannu. Kada ka kwafo kod daga wata manhaja ba ka duba lasisi ba. Abin da ke ƙarƙashin lasisin GPL ba a ɗauke shi a zuba cikin aikin da ke kan lasisin MIT a yi shiru. In kana aiki a kamfani, tabbatar kwantiraginka bai ba su mallakar abin da ka rubuta ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wani babi. Ayyukan Gentoo da NetBSD, masu gina tsarin tafiyar da kwamfuta, sun kafa dokokin hana kod ɗin da irin waɗannan manhajoji suka rubuta tun 2024. Daniel Stenberg, mutumin Sweden mai kula da curl, manhajar aikawa da karɓar bayanai ta intanet, ya sha kokawa kan rahotannin tsaro na bogi da na'ura ta tsara, masu kama da gaskiya, waɗanda sai an ɓata sa'o'i kafin a gane ba komai a ciki. Wasu ayyuka sun yarda in an bayyana. Duba dokar wurin, kuma ko an yarda, kada ka turo layin da ba za ka iya bayaninsa da bakinka ba.

Yaudara kuwa ba a yafe ta da sauƙi. A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya rufe ƙofarta ga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun turo gyare-gyare masu ɗauke da lahani da gangan don su gwada ko za a gano. Aka koma ana sake tantance duk abin da aka taɓa karɓa daga adireshin jami'ar, har na waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Mataki na bakwai: karɓar gyara da iya jira

Ka kwana biyu kana aiki, ka tura, sai amsa ta zo: "Wannan zai karye in jerin ba komai a ciki. A ƙara gwaji." Ba sallama, ba sannu da aiki. Wanda bai saba ba sai ya ji an raina shi. Ba raini ba ne. Mutumin ya karanta aikinka layi-layi har ya hango inda zai karye, kuma wannan ita ce karramawar da ake yi a wajen. Amsar da ta dace: "Gaskiya ne, na gode. Na gyara, na ƙara gwaji na jeri marar komai." Shi ke nan.

Bi maganganun mai dubawa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka yarda da ita ka gyara ka faɗa. Wadda ba ka gane ba ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Wadda ba ka yarda da ita ba ka kawo hujja: sakamakon gwaji, ma'aunin sauri, ko misalin da ke nuna inda tasa hanyar za ta gaza. Faɗin shekarun da ka yi kana wannan sana'a ba hujja ba ce. In an ja an ja aka tsaya a kan a'a, maganar mai kula ita ce ta ƙarshe. Lasisin ya ba ka damar ka ɗauki kwafi ka ci gaba da naka, yadda LibreOffice ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, amma bai ba ka damar ka zauna kana maimaita magana ɗaya har kowa ya gaji ba. In ranka ya ɓaci, rubuta amsar ka ajiye ta sai gobe. Abin da aka tura yana nan a rumbu, mai neman ɗaukarka aiki bayan shekara biyar zai iya karantawa.

In shiru ya yi yawa, takardun Linux sun ce a jira aƙalla mako guda kafin a yi tuni, kuma ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Tuni ɗaya, gajere, a wurin da ka tura gyaran. Kada ka ambaci sunayen mutane goma don wayoyinsu su yi ƙara.

Wanda ke ganin matsa wa mai kula ƙaramin abu ne ya dubi labarin xz, wata manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da ita shi kaɗai. A 2022 wasu asusai suka taso shi gaba da ƙorafi, suna cewa aikin ya tsaya, ya miƙa wa wani. Ya amsa musu cewa aikin sa-kai ne ba biya, ga shi yana fama da rashin lafiya. A gefe guda akwai wani mai amfani da sunan Jia Tan, yana ta kawo gyara mai kyau, har aka ba shi ikon fitar da sabon bugu. Shi ne ya ɓoye hanyar kutse a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga na'ura ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya kai ga yawancin na'urori. Saboda irin wannan, kada ka ji haushi in an daɗe ba a ba ka iko ba, kuma kada ka shiga sahun masu yi wa gajiyayyen mai kula ca, ko da ƙorafin nasu ya yi kama da gaskiya.

Mataki na takwas: ranar da kai ne mai dubawa

Za ta zo da wuri fiye da zatonka, musamman a aikin harshe, inda masu Hausa ba su da yawa: fassarar MediaWiki a translatewiki.net, ko tantance muryoyi a Common Voice, shirin tattara muryoyin harsuna na Mozilla. Yi magana a kan aikin, ba a kan mutumin ba. "Wannan jimlar ta bi tsarin Turanci, ga yadda nake ganin za ta fi" ya sha bamban da "kai ba ka iya Hausa ba". Bambanta abin da dole a gyara da abin da sha'awarka ce kawai, ka faɗi wanne ne wanne.

Rigimarmu a nan sananniya ce. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa. Wani ya ce mako, wani sati. Bakano ya ce fari, Basakkwace hwari. Ba a warware wannan ta hanyar goge aikin juna, yau kai gobe shi. A tattauna a fili, a tsayar da matsaya, a rubuta ta a jagorar salo don na baya. A Common Voice kuwa bambancin karin harshe abin nema ne, don haka ba a ƙin murya saboda ba irin ta garinku ba ce, in dai an karanta abin da ke rubuce.

Mataki na tara: in abu ya ɓaci, da in za ka tafi

In an ci mutuncinka, ko ka ga ana ci wa wani, kada ka rama a fili. Adana adireshin saƙon da hotonsa, ka aika wa adireshin da ke cikin kundin ɗa'a: me ya faru, yaushe, a ina, su wa suka gani. Kundin ya wajabta wa masu karɓar rahoto su kare sirrin mai kawowa. In wanda kake ƙara yana cikin kwamitin, nemi wani mamba ko gidauniyar da aikin ke ƙarƙashinta. GitHub ma na da nasa wurin kai ƙara da maɓallin toshe mutum.

In kai ne aka ja wa kunne, ba da haƙuri a taƙaice, ka ambaci abin da ka yi, ka daina. "In ran wani ya ɓaci a yi haƙuri" ba ban-haƙuri ba ne, kuma kowa ya sani. Kada ka shiga binciken wanda ya kai ƙararka, don wannan kansa sabon laifi ne.

In jarrabawa, hidimar gida, rashin wuta ko tsadar data suka sha gabanka, ba wanda zai zarge ka, aikin sa-kai ne. Koma wurin da ka ce kana kan aikin ka rubuta cewa ka saki, ka tura abin da ka riga ka yi ko da bai kammala ba, ka faɗi inda ka tsaya da abin da ka gwada bai yi ba. In an taɓa ba ka ikon haɗe gyara ko mabuɗin wata sabar, nemi a cire sunanka, don asusun da aka bari ba mai lura da shi na cikin waɗanda masu kutse ke nema.